Sherlock Holmes, Mista Bin da miskilin littafin soyayya: otizim gare su?

"Assalamu alaikum Likita. Ni malamar firamare ce, kuma ma'abociyar karatun littattafai da kallon fina-finai. Kwanaki muka yi musu da wata ƙawata a kan Sherlock Holmes. Ita ta ce duk wanda ya lura da halinsa ya san otizim gare shi, har ta haɗa da Mista Bin, da miskilan samarin nan na littattafan Hausa da ba sa magana ba sa dariya. Ni kuwa na ce abin da marubuci bai faɗa ba, babu shi. Abin da ya sa na damu, akwai wani yaro a ajina da ba ya kallon mutum in ana masa magana, ba ya shiga cikin yara, amma ko kusa bai yi kama da waɗanda nake gani a fim ba. Shin da gaske taurarin labarai suna nuna alamomin wannan lalura? Kuma ana iya gane yaro ta hanyar kwatanta shi da su?"

Wa alaikumus salam Malama. Tambaya biyu kika ƙulle a ƙyalle ɗaya: ta musunku da ƙawarki, da ta yaron ajinki. Ta farko mai daɗin hira ce, ta biyu kuma ita ce aikina na kullum a ɗakin duba yara masu jinkirin magana da matsalar mu'amala. Zan fara da ta musun, domin amsarta ce za ta kai mu ga yaron.

A gajarce: eh, tauraron labari yana iya nuna alamomin, wani lokaci ma da gangan marubuci ya zuba masa su. Amma nuna alama daban, a ce mutum yana da lalurar daban. Kowacce a cikinku ta riƙo gefe ɗaya na gaskiya.

Me likita yake nema kafin ya ce otizim ne?

Bari mu fara daidaita suna. A rediyo da jaridu za ki ji ana cewa galahanga, amma a bakin mutane wannan kalma ta zama buhu, an cusa mata duk yaron da bai taso kamar sa'o'insa ba: mai shanyewar gaɓɓai, mai jinkirin fahimta, mai farfaɗiya. Shi ya sa nake amfani da sunan asibiti, otizim, don kada mu haɗa abubuwan da ba ɗaya ba.

Wanda rubutunsa ya sa lalurar ta sanu a duniya shi ne Leo Kanner, likitan ƙwaƙwalwar yara a Amurka, a 1943, bayan ya bibiyi yara 11. Shekara ɗaya bayan nan Hans Asperger ya rubuta nasa a ƙasar Ostiriya, a kan yaran da bakinsu ya buɗe sarai amma zama da mutane yake ba su wuya. An daɗe ana ɗaukar su abubuwa biyu, sai a 2013 kundin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke aiki da shi ya haɗe su a ƙarƙashin suna ɗaya mai matakai uku, gwargwadon taimakon da mutum yake buƙata. A 2023 ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne wajen yaro 1 cikin 100 yana da ita.

Kundin yana son a samu abubuwa a ɓangare biyu. Na farko shi ne mu'amala: hira ta ba-ni-in-ba-ka, karanta fuska da murya da ishara, ƙulla abota da riƙe ta. Na biyu shi ne maimaici da takura kai ga abu ɗaya: kaɗa hannu ko jijjiga jiki ko nanata magana, tashin hankali in an sauya tsarin da aka saba, nutsewa cikin sha'awa guda har a manta da komai, da kuma jin sauti ko wari ko taɓi fiye da kima, ko ƙasa da kima. A ɓangaren farko sai an samu dukkan ukun, a na biyu aƙalla biyu cikin huɗu. Sannan ga sharuɗɗan da masu musu a kan fim suke mantawa da su: dole abin ya samo asali tun ƙuruciya, dole ya zama yana kawo cikas na gaske a rayuwar yau da kullum, kuma sai an tabbatar ba wata matsalar ce ta fi bayyana shi ba.

Shi ya sa mafi yawan lokacina a ranar farko ba tare da yaro nake ɓata shi ba, da uwa ne. Yaushe ya fara waiwayowa in an kira sunansa? Yana nuna miki jirgi da yatsa don ku gani tare, ko sai dai ya ja hannunki zuwa ga abin da yake so kamar hannun ba naki ba ne? Da yana cewa "mama" ya daina? To wa zan yi wa waɗannan tambayoyi a kan Sherlock Holmes, jarumin nan mai binciken laifi na littattafan Turanci? Ba shi da uwar da za ta zauna a gabana, ba shi da ƙuruciyar da ta wuce 'yan layukan da marubucinsa ya ga dama ya rubuta.

Holmes

Duk da haka ƙawarki ba ita kaɗai ba ce, masana ma sun daɗe suna wannan hira, kuma akwai dalili. A littafin farko, na 1887, abokin zamansa Dakta Watson ya sha mamaki da ya gano mutumin nan bai san duniya ce ke zagaye rana ba, kuma da aka faɗa masa bai ga amfanin riƙe sanin ba tunda ba zai taimaka masa a bincike ba. Amma mutumin da bai san wannan ba ya rubuta ƙasida a kan yadda ake bambance tokar taba iri 140. Ba ya son hirar banza, aboki ɗaya gare shi, in bincike ya kama shi ya manta da abinci da barci, kuma yakan faɗa wa mutum gaskiya tsirara ba tare da ya tausasa ta ba. In kika jera waɗannan a takarda, sun yi kama da ɓangare na biyu na kundin, har da ɗan wani abu na farkon. Yayansa Mycroft ma ya fi shi: daga masauki sai ofis sai wani kulob da aka hana mambobinsa yi wa juna magana, kullum hanya ɗaya.

Sai dai ki juya shafi. Wannan Holmes ɗin ne ya yi shigar mai kula da dawaki ya zauna cikin barori ya tatso labari a bakinsu ba su gane shi ba. Shi ne ya sake yin shigar limamin coci, ya shirya ihun gobara ta ƙarya, saboda ya san mace in ta ji gobara abin da ta fi ji da shi za ta nufa, ta haka ya gano inda aka ɓoye hoton da yake nema. A wani labarin ya yi shigar mai gyaran famfo, ya yi ta zance da 'yar aikin wani gida har aka yi musu baiko, don kawai ya san lungu da saƙon gidan. Wannan aikin wanda ya iya shiga zuciyar mutane ne, ya san me za su ji, me za su yi, ya kuma iya ƙarya da fuska da murya ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Ba na cewa mai otizim ba zai iya koyon haka ba, akwai masu koya. Amma a wurin Holmes abin a banza yake zuwa, a duk ranar da labari ya buƙace shi.

Nan ne gizo ke saƙar. Arthur Conan Doyle, marubucin Holmes, ya rubuta dogayen labarai 4 da gajeru 56 a cikin shekara 40, ya rasu a 1930, shekara 13 kafin rubutun Kanner. Ba lalura yake siffantawa ba, jarumin da zai warware kisan kai yake ginawa. Shi kansa likita ne, kuma ya faɗa cewa ya ɗauko salon Holmes daga malaminsa a Edinbura, Dakta Joseph Bell, wanda yakan dubi majinyaci ya faɗi sana'arsa da inda ya fito kafin ya buɗe baki. Wato wannan kaifin lura da ake cewa alama ce, asalinsa horon likitanci ne. Holmes ɗin da ƙawarki ta fi gani kuwa ina zaton na talabijin ne, wanda BBC ta fara nunawa a 2010. Shi an rubuta shi a zamanin da kowa ya san lalurar, an ƙara masa gishiri da gangan, har an sa Watson ya ambaci lalurar Asperger a kansa a wani kashi. Sunansu ɗaya da na littafi, amma ba mutum ɗaya ba ne.

Mista Bin ba ya buƙatar dogon bayani. Rowan Atkinson da ya ƙirƙiro shi ya siffanta shi da yaro a jikin babba. Rashin maganarsa dabara ce ta barkwanci, ita ta sa ɗan ƙauye a Kazaure da ɗan birni a Landan suke dariya a wuri ɗaya. Kuma ki lura da yawan makircinsa: leƙen amsa a jarrabawa, ɓoye ɓarnar da ya yi, satar kallon mutane ya ga ko sun gan shi. Ya san abin da ke zuciyarsu sarai, bai damu ba ne kawai.

Miskili

Wannan ne ya fi ba ni dariya a wasiƙarki, domin ni ma na karanta rabona na waɗannan littattafai. Kin san shi: kyakkyawa, ɗan masu kuɗi, fuska a murtuke, in an gaishe shi sai ya ɗaga hannu ko ya ce "uhm", ƙannensa na jin takunsa kowa ya nutsu. Sai yarinya ta shigo rayuwarsa, kafin babi goma ya zama mai zuba kalamai, mai gane fushinta daga yadda ta ajiye kofi.

Miskilanci iyawa ne da ƙin yi. Miskili ya san ana jiran ya amsa gaisuwa, ya san zafin da shirunsa ke haifarwa, shirun ma makaminsa ne. Yaron da nake gani a asibiti sau da yawa yana son shiga cikin yara, hanyar shigar ce ba ta bayyana gare shi ba. Za a yi wasa da shi ya ɗauka da gaske. Za a yi masa gatse, a ce "to ci gaba, kar ka fasa," ya ci gaba ɗin, a dake shi a ce raini ne. Baƙo zai yi masa tayin abinci irin na al'ada, ya zauna ya cinye. Hausa kuwa harshe ne da rabin saƙonsa ke cikin habaici da zaurance da karin magana, ki duba irin wahalar da ke kan wanda yake ɗaukar kowace magana a yadda ta fito. Kuma soyayya ba ta narkar da wannan. Masu otizim suna so, ana son su, suna aure suna haihuwa, amma da yanayinsu suke shiga gidan auren, da shi suke tsufa.

Waɗanda aka faɗa ƙarara

Akwai kuma finafinan da ba sai an yi musu ba, an ambaci lalurar a ciki. Wanda ya fi tasiri a duniya shi ne Rain Man na 1988, inda Dustin Hoffman ya fito a matsayin Raymond. An zubar da kwalin tsinken sakace a ƙasa, ya kalla sau ɗaya ya ce 246 ne, aka duba kwali mai cin 250 aka tarar saura huɗu a ciki. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar huɗu, ya sa miliyoyin mutane suka ji sunan lalurar a karon farko. Abin da ba kowa ya sani ba, Kim Peek, mutumin da aka fara gina labarin a kansa, ba otizim ne asalin matsalarsa ba. An haife shi ne babu jijiyoyin da ke haɗa ɓarin ƙwaƙwalwa na dama da na hagu.

Namu na gida, tunda fim ɗin Indiya ya zama ɗan gida, shi ne My Name Is Khan na 2010. Rizwan da Sharukan ya fito a matsayinsa yana tsoron launin rawaya, ƙara tana gigita shi, ba ya haɗa ido, ba ya son a rungume shi, kuma ya iya gyaran kusan duk abin da ya lalace. Na yaba wa fim ɗin da abu ɗaya, ya nuna shi a matsayin miji, mai addini, mai zafin rashi, ba abin tausayi kawai ba. Matasanmu masu kallon finafinan Koriya kuma sun san lauya Woo ta 2022, mai haddace kundin shari'a da son zancen manyan kifayen teku. Wani gyara a nan, don ina yawan jin ana haɗa su: yaron Taare Zameen Par matsalar karatu da rubutu gare shi, wata lalura ce daban.

A 2018 wasu masu bincike daga Nowe da Sikotilan suka ɗauki taurari 26 na fim da talabijin suka auna su da wancan kundi. Sun tarar yawancinsu sun cika sharuɗɗan fiye da yadda mutanen gaske suke cikawa, kamar an buɗe littafin likita an kwafe, kuma kusan rabinsu an ba su wata baiwa ta ban mamaki. A zahiri, tsohon ƙiyasin da aka fi ambata shi ne wajen 1 cikin 10 na masu otizim ne ke da irin wannan baiwa. Dalili a fili yake. Mai shirya fim awa biyu gare shi, dole alamar ta fito yadda na kujerar baya zai gan ta, dole kuma jarumi ya yi abin da za a tafa masa. Ba wanda zai sayi tikiti don ya ga uwa ta shekara biyu tana koya wa ɗanta zama a kan fo.

Wani magidanci ya taɓa kawo min ɗansa, ɗan shekara shida, tare da mahaifiyar. Na sauya wasu bayanai don sirrinsu. Yaron ya shigo bai dube ni ba, ya zazzage aljihunsa a kan tabarmar wasa, murafen kwalbar lemo ne kusan talatin, ya shiga jera su layi ɗaya, jajaye a gaba. Na ɗauke ɗaya na mayar baya, ya kama hannuna ya buɗe yatsuna ya karɓe, ya mayar inda yake, duk bai ɗago ba. Aka tayar da janareta a bayan ginin, ya toshe kunnuwa ya shige ƙarƙashin tebur. Uwar ta ce haka yake yi in maƙwabta suka kunna injin markaɗe. Maganarsa kusan duk tallan rediyo ce, da muryar mai tallan da komai, amma bai iya cewa yana jin ƙishirwa ba. Bayan zama na uku na yi musu bayani. Uban ya yi shiru, can ya ce, "To Likita, shi wace baiwar ce tasa? Na ga a fim irinsu lissafi suke yi." Ba da wasa ya tambaya ba, abin da ya riƙe ke nan tun daga gida. Na ce masa ban ga wata baiwa irin ta fim ba, abin da na gani yaro ne mai kaifin ido a kan launi da tsari, kuma da wannan za mu fara koya masa neman ruwa da hoto. Na ga yadda fuskarsa ta faɗi. Kafin fim, irin wannan uba cewa zai yi aljanu ne ko sammu. Yanzu wasu sun bar zancen aljanu sun koma jiran abin al'ajabi, a duka biyun yaron da ke ƙarƙashin tebur ba shi ake kallo ba.

Don adalci ga ƙawarki, akwai amfani a irin karatun da take yi. Na san manya, musamman mata, da suka shekara talatin suna jin kamar kowa an ba shi takardar dokokin zaman duniya ban da su, suna kwaikwayon dariya da gaisuwar wasu har su gaji, sai wani tauraron labari ya sa suka fara tambaya. Mata sun fi iya ɓoye alamomin, yana daga cikin abin da ya sa ake gano maza kusan ninki huɗu. Wanda ya ga kansa a Holmes ya samu sauƙi, ba ni da hurumin ƙwace masa. Abin da ba na so shi ne a mayar da sunan lalura laƙabin duk mai baƙin hali ko rashin fara'a.

Yaron ajinki

Ban gan shi ba, kuma layi biyu a wasiƙa ba su isa in ce komai a kansa ba. Rashin kamarsa da na fim bai kore komai ba, bai kuma tabbatar da komai ba.

Ki yi hattara da zancen ido musamman. Kundin nan a Amurka aka rubuta shi, inda ake koya wa yaro ya kalli babba cikin ido. Mu nan yaron da ya zuba wa malamarsa ido marar kunya ne, wanda ya sunkuyar da kai shi ne mai tarbiyya. Don haka kada ki auna shi a gabanki, ki leƙa shi lokacin tara. Yana kallon sa'o'insa? In abu ya ba shi dariya yana waiwayawa ya ga ko wani ya gani? Tsayawa yake a gefe yana sha'awar wasan, ko kuwa yaran da bishiyar makaranta duk ɗaya ne a wurinsa? Ki lura da abin da yake yi in an sauya masa wurin zama, ko aka buga ƙararrawa kusa da shi. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta abin da kika gani da kwanan wata, na sati uku ko huɗu, abin da ya faru kawai, ba fassararki ba.

Ki tuna akwai abubuwa da dama da ke sa yaro ya janye: rashin ji sosai, wanda ciwon kunne ko sanƙarau kan bari, tsananin kunya, tsangwama daga yara, tashin hankali a gida, maraici, ko ma yaren da ake koyarwa da shi. Gwajin ji ne abu na farko da nake nema kafin komai.

In za ki yi wa iyayen magana, kada ki kai musu suna. Kalmar galahanga kaɗai tana iya sa a cire yaro daga makaranta. Ki gaishe su, ki fara da abin da ya iya, sannan ki karanta musu abin da kika rubuta, ki tambaye su ko haka yake a gida da Islamiyya. In abin ya yi daidai, ki ba su shawarar ganin likitan yara. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya suna da sashen yara da na ƙwaƙwalwa, haka asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, da Maiduguri. Su tafi da littafin naki, domin likita minti talatin zai gan shi, ke kuwa kina tare da shi kwana biyar a sati. Kafin nan ki dawo da shi layin gaba, nesa da taga da ƙararrawa, ki riƙa ba shi umarni ɗaya a lokaci ɗaya da kalmomi miƙaƙƙu, ba gatse, kuma in za a sauya wani abu a aji ki faɗa masa tun da safe.